Kunnena da Amyar Tsamiya

Ƙarar ta fara ne da damina, shekara huɗu ke nan, bayan wani zazzaɓi da ya kwantar da ni mako biyu. An yi mini allurai, an ɗaura mini ruwa, zazzaɓin ya sauka. Ranar da na fara iya zama a kan tabarma ina shan kunu da hannuna, sai na ji gyare yana kuka a ɗakin. Na ce wa matata ta duba bayan buhuna ta kore shi. Ta duba, ta ɗaga tabarma, ta kakkaɓe takalma, ta ce ita ba ta ga komai ba, ba ta kuma jin komai. Na ce ai dama kunnenta sai maganar da ba ta shafe ta ba yake ji. Na fita tsakar gida, gyaren ya biyo ni. Na fita ƙofar gida, yana nan. Da na toshe kunnuwana da yatsu, maimakon ya yi shiru sai ya ƙara ƙarfi. A nan na gane ba a ɗakin yake ba.

Har yau ban iya kwatanta ƙarar yadda mai lafiya zai gane ba. Wani lokaci siririya ce kamar kukan gyaren, wani lokaci ta yi kauri ta cika kai. Kunnen hagu ya fi, amma na dama ma bai tsira ba. Ba ta hutu, ba ta san Juma'a ba, kuma idan wuri ya yi tsit nan take samun fili. Ta zo da jiri: in na ɗaga kai sama, ko na miƙe da sauri, sai ƙasa ta juya da ni.

Mutanen masallaci suka ce ana ambatona ne a wani wuri, in riƙa salati. Na yi salati har leɓena ya bushe. Ladan salatin yana nan in Allah ya so, amma ƙarar ba ta gusa ba. Na ce musu mai ambaton nan nawa, ko wane ne, ya ci a ce ya gaji ya tashi ya sha ruwa.

Abin da ya sa ciwon ya zame mini biyu shi ne, ni da kunne nake sana'a. Na koyar a firamare har na yi ritaya, amma wannan aikin albashi ne. Sana'ar gidanmu zuma ce. Mahaifina yana da amya a kan kusan kowace ɗorawa da gawo da ke kewaye da ƙauyenmu a yankin Gafasa, irin ta ciyawa da ake saƙawa, a shafe ta da kashin shanu, a turara ta, a ɗora a reshe a jira zuma ta shiga. Abu na farko da ya koya mini shi ne ba a kallon amya. A wurinsa duk wanda ya tsaya ya ɗaga kai yana leƙen ƙofar amya, to baƙo ne a sana'ar, kuma harbi a ido yake nema. Saurare ake yi. Ka tsaya a gindin itacen ka sunkuyar da kai, ƙuginsu zai gaya maka ko suna da yawa, ko yunwa suke ji, ko shirin tashi suke yi. In ka hau, ka kara kunne a jikin amyar ka ƙwanƙwasa sau ɗaya da yatsa. Masu lafiya za su ɗaga murya gaba ɗaya su sauke nan take. Waɗanda suka rasa sarkinsu za su ɗaga su kasa saukewa. Na iya wannan, na kuma yi taƙama da shi fiye da yadda ya kamata. Har daga Ajingi ana zuwa a ɗauke ni a babur in je in saurari amyar wani in gaya masa ko ta isa sha.

Mai jiri ba ya hawa itace. Kafin kaka ta wuce na bar wa wani ɗan'uwanmu duk amyoyin daji. Guda ɗaya ta rage, ta kan tsamiyar bayan gidanmu, wadda zuma ba ta taɓa barinta ba tun mahaifina yana da rai.

Neman magani kuwa, babu inda ban sa ƙafa ba. Gwaggona ta narka man shanu ta ɗiga mini, na yi kwana uku ina warin ƙwarya, ƙuda na bin kunnena. Wanzami ya yi mini ƙaho a bayan kunne, ya nuna mini baƙin jinin da ya fito ya ce ga ciwon nan ya fita. Ciwon bai ji labari ba. Na sha rubutu, na yi hayaƙi, na ɗiga ruwan albasa har na yi hawaye kamar yaro. A kasuwar Gaya wani mai magani da lasifika ya leƙa kunnena ya ce tsutsa ce, ya tsiyaya wani abu mai kumfa, ya zaro wata 'yar farar aba a kan auduga ya ɗaga wa jama'a suka yi ta salati. Ni da na yi shekaru ina koya wa yara kiwon lafiya a aji, na san daga hannun rigarsa ta fito. Duk da haka na sayi kwalbar, na kuma yi amfani da ita har ta ƙare. Wanda bai yi ciwon da ba ya hutu ba, ba zai gane wannan wautar ba.

Daga ƙarshe asibiti suka tura ni Kano. Wata likita, wadda a haife na haife ta, ta sa ni a wani ɗan ɗaki ta rufa mini abin saurare a kunnuwa, ta ce duk lokacin da na ji sauti in ɗaga hannu. Na ɗaga hannu tun kafin ta kunna na'urar, ban kuma sauke ba. Ta yi dariya, ni ma na yi, sannan ta zauna ta yi mini bayani ba tare da kwana-kwana ba. Ta ce jijiyar ji ce ta taɓu, ko daga zazzaɓin, ko daga magani, ko daga shekaru, ba za ta iya rantsewa ba. Ta ce in daina zuba wa kunnena kayan miya. Babu ƙwaya ko allurar da za ta cire ƙarar, sai dai in koyi zama da ita, kuma kada in riƙa zama a wurin da ya yi shiru, in bar rediyo ko fanka a kunne kusa da ni. Ban gaya mata rabon da fanka ta juya a ƙauyenmu ba. Na tambaye ta, in kunnen ya mutu gaba ɗaya fa, ai na huta? Don a lokacin har addu'ar hakan nake yi a sujada. Ta ce a'a, Baba, akwai kurame da suke jin ta. Na hau mota na dawo gida.

Na gwada rediyon. Surutun masu labarai da ƙarar suka haɗu suka yi mini yawa, na kashe. Shekarar nan na zama mutumin da ni kaina ba zan so zama da shi ba. In matata tana daka in ce ta cika buga turmi, in ta daina in ce gidan ya yi shiru kamar maƙabarta. Jikokina suka daina shigowa ɗakina. Na daina zama majalisa, don in mutum uku suka yi magana tare ba na tsintar ko ɗaya, sai in yi ta gyaɗa kai ina cewa haka ne, har ranar da na ce haka ne a kan maganar da ake zagin ɗan'uwana. A salla ina bayan liman, amma rabin hankalina yana cikin kunnena. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Da bazara ta zagayo, wata rana da hantsi muka yi faɗa da matata a kan abin da ban ma tuna ba. Na ɗauki tabarma na fita ta ƙofar baya, na shimfiɗa a gindin tsamiya don kawai in rabu da kowa. Na kwanta na rufe fuskata da hula. Ɗorawa ta yi fure a lokacin, zuma tana ta aiki, ƙuginsu ya cika itacen. Ina kwance ina ci gaba da faɗan a zuciyata, ina shirya amsoshin da ya kamata in ba ta. Can sai na lura da wani abu: ba na jin gyaren. Na nemi ƙarar, kamar yadda harshe ke neman haƙorin da ke ciwo, na same ta, amma ta shige cikin ƙugin zuma ta narke, ban san inda tawa ta tsaya tasu ta fara ba. Sauti dai nake ji, amma na waje ne, na abu mai rai da ke sha'aninsa a sama. Na yi kuka a ƙarƙashin hular nan. Daga nan barci ya ɗauke ni, irin wanda rabona da shi tun kafin zazzaɓi, har sai da aka kira azahar.

Tun daga ranar gindin tsamiya ya zama wurina. Hantsi zuwa azahar, la'asar zuwa magariba, in ba ruwa ake yi ba. Ban warke ba, ina tashi daga wurin ƙarar take dawowa. Amma sanin cewa akwai inda zan je in huta ya sa sauran yinin ya ɗauku. Matata ta riƙa kawo mini fura can, wani lokaci ta zauna a gefen tabarma tana tsince wake muna hira. Jikokin suka dawo. Har tsokanata suke yi, wai Kaka ya koma gidan zuma da zama.

Tun da na kwanta ciwo ƙanena ne ke riƙe da gonakinmu na gandu. Daminar shekarar ya shuka wake a gonar bayan gida, wadda ta faro daga inuwar tsamiyar. Na kira shi na ce duk inda zai yi feshi ya yi, ban da nan. Ya ce Yaya, tsutsa za ta cinye furen. Na ce ta cinye. Yanzu da nake rubutawa na san abincin gida biyu nake cewa a bar wa tsutsa saboda kunnena, amma a lokacin ko a jikina. Ya tafi, na ɗauka magana ta ƙare.

Ana cikin yankan gero wani abokina, wanda muka yi makarantar horon malamai tare, ya rasu a Balan. Na je na yi kwana uku a zaman makoki. Kwana ukun nan sun gasa ni. Jama'a, gaisuwa, babura na shiga da fita, ƙarar ta tashi kamar za ta fasa mini kai. Da na dawo ko rigata ban cire ba na ɗauki tabarma na nufi tsamiya. Na kwanta, na rufe fuska, na ji ƙugin ya sauko ya lulluɓe ni. Na yi ajiyar zuciya na gode wa Allah.

Da na shiga gida na ce wa matata bana zuma ta yi ƙarfi, ƙuginsu ya cika fiye da da. Tana tankaɗe. Ta ce masha Allah, ba ta ɗago ba.

Wata biyu na yi a haka, kuma ba zan ɓoye ba, su ne watanni mafi daɗi da na yi tun da ciwon ya same ni. Na lura ƙugin ba ya raguwa ko da sassafe ne, ko da rana ta faɗi, na ce lallai waɗannan ba su da ƙyuya. Har na fara jin su daga cikin ɗakina, na ce kai, yawansu ya kai a ji su daga nan. Na gaya wa mutanen masallaci Allah ya kawo mini sauƙi ta inda likita ba ta sani ba. Ko sau ɗaya ban ɗaga kai na kalli ƙofar amyar ba. Jiri yana hana ni, gaskiya ne, ganyen tsamiya kuma ya rufe ta. Amma ainihin dalilin shi ne ni ba baƙo ba ne a sana'ar. Kunnena ya ce suna nan, wa zan tambaya kuma?

Sai 'yarmu ta haihu. Na ce zan aika mata da zumar gidanmu ta sha a kunu, kamar yadda mahaifina ya yi wa uwarta. Na ce wa ƙanena ya hau ya ɗebo. Ya ce bayansa na ciwo. Bayan kwana biyu ya ce a bari farin wata ya wuce. Da ya wuce ya ce a bari gawo ya gama fure, za ta fi yawa. Raina ya ɓaci, na ce wato ni da amyar ubana sai na yi ta roƙo. Ranar kasuwar da ya tafi kai awaki, na aro tsani a maƙwabta na jingina da tsamiya. Ba ɗiba zan yi ba, da rana tsaka ba a wannan. So nake kawai in kara kunne in ji ko ta nuna.

Na hau a hankali, idona a kan matakala. Na rungume reshen na kara kunnen dama a jikin amyar. Ƙugi cike, mai daɗi. Na ƙwanƙwasa sau ɗaya.

Bai tashi ba. Bai kuma sauka ba. Yana nan yadda yake.

Na sake ƙwanƙwasawa da ƙarfi, sannan na buga da tafin hannu, bugun da in da akwai zuma a ciki da sun fito sun rufe mini fuska. Amyar ta yi ƙara irin ta ƙwaryar da ba komai a ciki. Na janye marfin. Saƙar ta yi baƙi ta ruɓe, yanar gizo ta lulluɓe ta, tsutsa ta yi gida, wata tsaka ta fito da gudu ta bi ta kan hannuna. Ko ƙudan zuma ɗaya babu. Na ɗauke kaina daga jikin amyar, na juya shi gabas, na juya shi yamma. Ƙugin bai canja ba, duk inda na juya yana tare da ni.

Ban san yadda na sauko ba. Na tarar da matata a tsaye a ƙofar baya, hannunta duk gari, ta ga tsanin ta fito. Ba ta tambaye ni abin da na gani ba.

Na ce, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Tun kana Balan, Malam."

Sauran a zaune ta ba ni labarinsa, tana kallon ƙasa. Tsutsa ta faɗa wa waken, ƙanena ya ga ba na nan, ya goya tankin feshi da hantsi, lokacin da fure yake buɗe zuma tana kai. Kafin la'asar sun fara zubowa. A bakin randa, inda suka saba zuwa shan ruwa, a tsakar gida, a gindin tsamiyar, ko'ina suna ta juyi a ƙasa. Kwana biyu tana share su tana binnewa a toka don kada in dawo in gani. Waɗanda suka rage suka tashi suka bar amyar. Ta ce ta yi niyyar gaya mini ranar da na dawo, har ta shirya maganar. Sai na shigo fuskata a sake ina cewa zuma ta yi ƙarfi.

"Na ga kana barci," in ji ta. "Na ga kana cin abinci, kana wasa da yara. Na ce in dai kana jin su, ni mece ce tawa da zan ce ba sa nan?"

Na so in yi faɗa, irin wanda na saba, amma na tashi na shige ɗakina. Da yamma ƙanena ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakina ya ce in yafe masa, ya ga abincin shekara zai tafi ne. Na ce ya tashi. Me zan ce masa? Waken nan na ci shi a ƙosai, na ci shi da shinkafa, ina ci ina yaba hannunsa a noma.

Washegari na ɗauki tabarma na koma gindin tsamiya. Na ce a raina, wata biyu na samu sauƙi ba tare da zuma ko ɗaya ba, ashe ba su nake buƙata ba, wurin ne da kwanciyar. Na kwanta yadda na saba, na rufe fuska da hula, na jira. Sautin yana nan, shi ne dai na jiya da shekaranjiya. Amma yanzu na san daga ina yake fitowa. Kafin a jima ya sirance ya koma gyarensa. Na yi sati ina gwadawa, ina roƙon kaina in manta abin da na gani. Ba a mantawa da gangan.

Ƙanena bai huta ba. Ya sauke amyar ya ƙone ruɓaɓɓiyar saƙar, ya sake shafe ta, ya turara ta, ya mayar. Ya daina shuka wake a bayan gida, ba tare da na ce masa komai ba. Da ɗorawa ta sake fure wata zuma ta zo ta shiga. Ya zo da murnarsa ya kama hannuna ya kai ni, na dafa jikin tsamiyar na ɗaga kai, na gan su da idona suna shiga suna fita kafin jiri ya sa na sunkuya. Kowa a gidan ya ce shi ke nan, Malam ya samu maganinsa.

Ban samu ba. Ina kwantawa, ƙugin ya fara saukowa, sai tambayar ta taso: su ne, ko ni ne? Da ta taso kuwa an gama, don sai in kasa kunne in rarrabe, mai rarrabewa kuma ba ya hutawa. In cire hula in ɗaga kai, ƙasa ta juya. In na yi sa'a na hango guda biyu suna wucewa, in koma in kwanta, bayan ɗan lokaci in ce to yanzu fa? Sana'ar da na yi shekara arba'in ina taƙama da ita ta koma sai na tambayi wani.

Jiya ma na kira matata. Ta bar abin da take yi ta fito, ta tsaya a gindin tsamiyar ta ɗaga kai, ta daɗe tana kallo don in ga ta duba da gaske.

Ta ce, "Suna nan, Malam. Wallahi suna nan."

Shekara talatin da wani abu muna tare, ba ta taɓa rantse mini a kan magana ba, don ban taɓa sa ta ba. Na ce to. Na naɗe tabarmata na biyo ta cikin gida.